Abubakar Imam da Rubutun Kimiyya: Waiwaye a Kan Ikon Allah

Da zarar an ambaci Alhaji Abubakar Imam, abin da kan fara faɗo wa manazarci a rai shi ne Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Manufar wannan ɗan sharhi ita ce jawo hankali ga wani fanni na aikinsa da aka yi wa riƙon sakainar kashi, wato rubuta kimiyya domin jama'a.

An haifi Imam a Kagara a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina, sa'an nan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A Zariya ne shi da Dokta R. M. East suka wallafa Ikon Allah a 1949, littafin da ke bayanin halittu da al'amuran duniya cikin Hausa tsantsa.

A ganinmu, hikimar littafin daga sunansa ta faro. A zamanin da iyaye ke ɗari-ɗari da boko, sunan ya shaida wa mai karatu cewa binciken halitta ba ya karo da imani, hasali ma ƙarfafa shi yake yi. Da wannan aka sami shiga zaurukan da sunan kimiyya kaɗai ba zai buɗe ba. Sai dai hanyar tana da haɗarinta: mai karatu na iya tsayawa ga mamaki da tasbihi, bai kai ga tambaya da gwaji ba, alhali kuwa su ne ƙashin bayan kimiyya.

Amma babban laifin namu ne, mu da muka bar gonar ta yi saura. A 1980, shekara guda kafin rasuwar Imam, aka buɗe matatar mai ta Kaduna a maƙwabtan Rido. Manomin Rido ya ga harshen wuta a sama, ya shaƙi hayaƙi. Shin wane marubuci ya bayyana masa da Hausa yadda ake dafa ɗanyen mai har fetur da kananzir su rabu, ko abin da hayaƙin kan yi wa huhu da shuka?

Saboda haka ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su sa Ikon Allah cikin manhaja, a nazarci kalmominsa da salonsa, ko a sami mai ɗorawa daga inda Imam ya tsaya.