Tafintan da Ba Ya Cewa Bai Gane Ba: Nazari a Kan Harshen PHP

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba wasu baƙin halaye na PHP, wato harshen tsara aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a shekarar 1995, wanda kuma WordPress da Wikipedia suke tsaye a kansa. Injin da ke karanta umarnin mai tsari ya aiwatar, shi ne muka kira tafinta. Ra'ayinmu shi ne, babban aibin wannan tafinta yawan kara: in an ba shi zance mai harshen damo, sai ya yi cinke ya wuce.

Bari mu fara da ƙaramin laifi, wato sunayen ayyukan da harshen ya zo da su a rumbunsa. Akwai strlen da strpos a haɗe, ga kuma str_replace da str_pad a rabe, alhali duk a kan rubutu suke aiki. Haka nan strpos yana son a fara ba shi inda za a nema, sannan abin nema, shi kuwa in_array akasin haka yake so. Lerdorf da kansa ya bayyana cewa a farkon zamani tafintan yana rarraba ayyuka bisa tsawon sunayensu, don haka akan zaɓi suna saboda yawan haruffansa. Wannan yana wahalar da ɗalibi, amma hadda tana maganinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne alamar daidaito, wato ==. Idan aka haɗa ta da abubuwa biyu da jinsinsu ya bambanta, tafinta yakan juya ɗaya zuwa jinsin ɗayan kafin ya yanke hukunci. Shekara da shekaru, wanda ya tambaya ko 0 daidai yake da "abc", amsar da zai samu ita ce e, domin an mai da rubutun sifili. Ba a gyara wannan ba sai a PHP 8, cikin Nuwamban 2020.

Abin lura a nan shi ne, gyaran bai kai ko'ina ba. Idan rubutu biyu duk sun yi kama da lamba, har yanzu a matsayin lamba ake gwada su. Alal misali "0e12" da "0e99": tafinta yana karanta kowanne a matsayin sifili da aka ninka da goma sau kaza, sifili kuwa komai ninki sifili ne, saboda haka sai ya ce daidai suke. Mai karatu zai iya ɗaukar wannan wasan ƙwaƙwalwa ne kurum. To, ba haka ba ne. An daɗe ana adana kalmar sirri ta hanyar narka ta da md5, kuma an gano cewa 240610708 da QNKCDZO, in an narka su, kowanne yana fitowa da 0e sai lambobi zalla. Ke nan duk ƙofar da aka tsare da == tana iya buɗe wa wanda bai san kalmar ba, muddin ta mai gida ta faɗa wannan aji.

Ko strpos ma bai tsira ba. In ya sami abin nema a farkon rubutu sai ya ce 0, in bai samu ba ya ce false, ita kuwa == ba ta bambance su.

Masu kare harshen sukan ce ai akwai ===, wadda ba ta juya jinsi, akwai kuma hash_equals tun 2014. Gaskiya ne, mun kuma yarda cewa tumɓuke tsohuwar ɗabi'a zai rushe ɗimbin shafukan da aka gina a kanta. Amma hujjar ba ta gamsar da mu ba, domin alamar da sabon ɗalibi ke fara koya, wadda ta fi gajarta, ita ce mai haɗarin, kuma tafinta yana gwada "0e12" da "0e99" ba tare da ko gargaɗi ba.