Jinjina ga Masu Gyaran Waya na Banex

Duk wanda hoton da zai aika ta MMS ya taɓa maƙale masa a waya alhali Wi-Fi na aiki, ya san darajar samarin Banex Plaza da ke Wuse 2 a Abuja. Mai gyara zai duba, ya ce, "Alhaji, lafiyarta ƙalau." Saƙon MMS ta layin kamfani ya saba bi, don haka sai mai gyaran ya kunna data, ya daidaita saitin APN na MTN ko Glo, hoto ya wuce. Da marar tsoron Allah ne, cewa zai yi injin ya ƙone. A gaban maigida da yawansu suka koyi sana'ar, cikin ƙarar janareta da ƙaurin dalma, kuma irin wannan gyaran sau tari kuɗin shan ruwa kawai suke karɓa.