Jinjina ga Makanikan Hitar Tirelar Kwana

Duk watan Janairu, dubban Amurkawa kan ja tirelolinsu na kwana zuwa Quartzsite a hamadar Arizona, gudun hunturun arewa. Sai dai daren hamada ma akwai sanyi, kuma da zarar hita ta fara ƙugi, makanikai na tafi-da-gidanka ake nema.

Mutanen nan sun cancanci yabo, don da kunne suke fara gano cuta. Hitar kamfanin Suburban ko Atwood gas take ƙonawa, fankarta kuma batir mai bolt 12 ke juya ta. In ƙarar siririya ce kamar kukan ɓera, boris ɗin fankar ya cinye. In kwaramniya ce, fankar na gogar murfinta ko ta kwashi tarkace. In kuwa ta buga da ƙarfi wajen kunnawa, gas ne ya taru kafin wuta ta kama, sai a wanke bakin wutar.

Zanzaro ma ba ƙaramar ɓarna yake yi ba: yakan gina gidan laka cikin bututun hayaƙi. Makaniki zai durƙusa gefen tirela, ya kwance murfi, ya kakkaɓe lakar, ya duba ɗan makunnin da sai iskar fanka ta tura shi kafin gas ya buɗe.

Gwani ba ya tafiya sai ya auna kabon monoksaid, iskar da ba ta wari amma tana kisa. Wasu daga cikin makanikan a Elkhart ta jihar Indiyana suka koyi sana'ar, yankin da ake ƙera yawancin tirelolin.