Inuwar giginya: abin da fim ɗin "Goodbye Christopher Robin" ya faɗa, da abin da ya rufe

Hausawa kan ce inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Da wuya a samu fim ɗin da ya fassara wannan karin magana kamar "Goodbye Christopher Robin", wanda darakta Simon Curtis ya shirya, ya fito a Ingila a shekarar 2017. Fim ɗin ya ɗauko tarihin gidan A. A. Milne (1882-1956), marubucin da ya ƙago Winnie-the-Pooh, wanda masu karatun Faransanci suka sani da Winnie l'ourson. Tsakanin 1924 da 1928 Milne ya wallafa littattafan yara guda huɗu, biyu na waƙoƙi, biyu na labarai, mai zane E. H. Shepard ya ƙawata su da hotuna. Yaran duniya sun sha inuwar waɗannan littattafai. Yaro guda ne ya sha rana, shi ne ɗan marubucin, Christopher Robin Milne, wanda aka haifa a 1920, aka sa sunansa na yanka da kayan wasansa a cikin labaran.

Labarin ya fara da uban. Milne ya yi yaƙin duniya na farko, ya ga abin da ya faru a fagen Somme, a ƙasar Faransa, cikin 1916. Tarihi ya nuna zazzaɓin da ke kama sojoji a ramukan yaƙi ne ya maido shi gida, amma fim ɗin ya zaɓi ya nuna ciwon a zuciya. Kukan ƙudan zuma ko fashewar balan-balan sun isa su mai da shi fagen fama. Domhnall Gleeson, wanda ya fito a matsayinsa, ya yi wasan da taurin fuska da ƙarancin magana, irin na mutumin da ke tsoron kada abin da ke cikinsa ya zubo. Ya bar Landan da shagulgulanta, ya koma wani gidan gona a yankin Sussex, a bakin dajin Ashdown, da niyyar rubuta littafin da zai la'anci yaƙi. Alƙalami ya ƙi motsi. Matarsa Daphne ta yi fushi ta koma birni, mai renon yaron ta tafi jinyar mahaifiyarta, aka bar uba da ɗa su kaɗai, alhali kowanensu baƙo ne ga ɗan'uwansa.

Wannan yanki shi ne zuciyar fim ɗin, kuma nan ne ya fi kyau. Uban da bai iya dafa abinci ba, bai iya wasa ba, ya bi ɗansa cikin daji. Suna jefa ƙirare a rafi daga kan gada, suna raɗa wa ƴan tsanar yaron sunaye da halaye. Babbar cikinsu siffar beyar ce, wata dabbar ƙasashen sanyi mai yawan gashi. Will Tilston, yaron da ya yi wasan, ya riƙe allon ba tare da iyayi ba. A nan mai kallo yake gane cewa yaron ne ya yi wa uban magani, ba uban ya yi wa yaron tarbiyya ba. An saba cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Fim ɗin ya nuna akwai ranar da babba ke makancewa, yaro ya ja masa gora.

Daga nan ne masifa ta shigo da rigar alheri. Yaron ya roƙi uban ya rubuta masa littafi, uban kuwa ya rubuta littafi a kansa. Tsakanin "masa" da "a kansa" ne duk nauyin labarin yake. Littattafan suka samu karɓuwa a Ingila da Amurka, wasiƙu suka yi ta kwarara, ƴan jarida suka yi wa gidan tsinke. Aka riƙa kai yaron shan shayi da baƙin da bai sani ba, aka tsaida shi kusa da beyar mai rai a gidan namun daji na Landan don a ɗauki hoto. Wurin da ya fi sosa rai shi ne ranar zagayowar haihuwarsa. Uban ya bugo masa waya daga Amurka, yaron yana murna, ashe ana watsa hirar a rediyo. Babu duka a gidan, babu zagi, babu yunwa. Abin da aka yi wa yaron shi ne an sayar da sirrin da ke tsakaninsa da ubansa. Darasi na farko ke nan: ana iya cutar da yaro da yabo kamar yadda ake cutar da shi da bulala.

Darasi na biyu yana hannun mai reno, Olive, wadda yaron ke kira Nou. Kelly Macdonald ta ba ta natsuwa da kwarjini. Ita ke yi masa wanka, ita ke sauraron addu'arsa ta dare, ita ce kuma ta tsaya gaban iyayen, tana mai aiki a ƙarƙashinsu, ta gaya musu gaskiyar da ba su son ji. Wannan ba ƙagen fim ba ne kacokan. Olive ta rene shi har 1930, kuma da ya rubuta littafin tarihin ƙuruciyarsa a 1974, mai suna "The Enchanted Places", ita ya sadaukar wa. Haihuwa takan ba mutum sunan uwa ko uba, amma matsayi a zuciyar yaro na wanda ya zauna da shi ne.

Sai dai fim ɗin yana da rauni, kuma ya kamata malamin da zai nuna shi ya san inda raunin yake. Na farko, an ɗora wa Daphne, wadda Margot Robbie ta fito a matsayinta, kaya fiye da nata. An ɗan nuna wahalar naƙudarta da tsoronta na haihuwar namiji da yaƙi zai iya cinyewa, sa'an nan aka bar ta a matsayin mace mai son biki da suna kawai. Da laifi ya tattaru a kanta, sai uban ya samu sassauci, alhali shi ne mai alƙalamin. Na biyu, hasken rana mai ruwan zinariya da kiɗan Carter Burwell sukan lulluɓe ɗacin labarin da zuma, har mai kallo ya kusa faɗawa tarkon da fim ɗin ke gargaɗi a kansa, wato sha'awar kyakkyawan yaro a kyakkyawan daji.

Rauni na uku shi ne mafi girma, domin ya shafi gaskiyar tarihi. Fim ɗin ya buɗe da wayar tangaraho a lokacin yaƙin duniya na biyu, mai cewa saurayin ya ɓace, ana zaton ya mutu. A ƙarshe ya dawo, suka zauna da uban a dajin ƙuruciyarsa, suka fahimci juna, aka rufe labule. Rayuwa ba ta bi wannan hanya ba. Gaskiya ne Christopher ya sha tsangwama a makarantar kwana, inda ƴan'uwansa ɗalibai suka riƙa sa faifan garmaho mai ɗauke da muryarsa yana rera waƙar uban, don su muzanta shi. Gaskiya ne Milne ya daina rubuta labaran bayan 1928, kuma damuwa da halin ɗansa na cikin dalilansa. Gaskiya ne saurayin ya shiga soja, ya ji rauni a Italiya. Amma shekarun samartakarsa su ne lokacin da ya fi shaƙuwa da uban. Ɓarakar ta zo ne bayan yaƙi, sa'ad da ya yi ta neman aikin da zai tsaya da ƙafarsa, ya tarar duk inda ya je sunan yaron littafi ya riga shi isa. A 1948 ya auri Lesley de Sélincourt, ɗiyar kawunsa, auren da bai yi wa uwarsa daɗi ba. A 1951 suka koma garin Dartmouth suka buɗe kantin littattafai, nesa da iyayen. Uban ya rasu a 1956, uwar a 1971, kuma a tsakanin waɗannan shekaru kusan babu zumunci tsakaninta da ɗanta.

Ashe fim ɗin ya sa ciwon a ƙuruciya, ya warkar da shi bayan yaƙi, alhali a rayuwa bayan yaƙin ne ciwon ya fashe. Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne, domin shi ne darasi na uku, wanda fim ɗin ya ji nauyin faɗa. Bashin da aka ci da sunan yaro ba ya tashi ranar da aka ci shi. Yakan jira har yaron ya girma, ya nemi ya zama mutumin kansa. Kuma ba kowace ɓaraka ake ɗinkewa da zama guda a gindin itace ba. Sulhun da Christopher ya samu, ya same shi ne a hankali, ta hanyar aikin hannunsa, da kula da ɗiyarsa Clare, wadda aka haifa da naƙasa a 1956, da kuma ɗaukar alƙalami ya ba da labarinsa da bakinsa. Ya rasu a 1996. Ƴan tsanar nasa kuwa suna ɗakin karatu na birnin New York tun 1987, a cikin gilashi, baƙi na kallo.

Abin da ya samu yaro guda a zamanin Milne, saboda ubansa shahararren marubuci ne, yau yana iya samun kowane yaro, tunda wayar salula ta mai da kowane babba mai ɗaukar hoto kuma mai watsawa. Har ta kai ƙasar Faransa ta kafa doka a 2020 don kare yara ƴan ƙasa da shekara 16 da ake samun kuɗi da hotunansu a intanet. Malamai da ƙungiyoyin al'adu, waɗanda ke ɗora yara kan dandali su yi waƙa ko wasan kwaikwayo, ba a ce su daina ba, domin dandali makaranta ce. Amma fim ɗin ya bar musu tambayoyin da suka cancanci a yi kafin a ɗaga waya: wa zai amfana da wannan hoto, an tambayi yaron, kuma zai so ya gan shi ranar da ya kai shekara ashirin?

Da rauninsa da komai, "Goodbye Christopher Robin" fim ne da ya cancanci a kalla, a kuma yi muhawara a kansa, musamman a zauren da iyaye ke zaune tare da malamai. Sharaɗin kawai shi ne kada a tashi da an rufe labule. A ƙara wa masu kallo ragowar tarihin, domin a can ne gaskiyar take: yaro amana ne, kuma wanda ya cancanci ya fara shan inuwa shi ne wanda ke zaune a gindin itacen.