Zumunta a ƙafa take: sharhi a kan zaɓen idon kamara

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake neman abincinsa da ɗaukar hoto a wuraren aure da suna, ya zo gaishe ni rataye da sabuwar kamara. Bayan mun gaisa sai ya ce: «Malam, na tara ƴan kuɗi, ina son in ƙara wa kamarata ido. Wanne kuka ga ya dace?» Abin da yake nufi da ido shi ne gilashin nan da ake ɗaurawa a gaban kamara, wanda Faransawa ke kira objectif. Kafin in buɗe baki har ya nuna mini a wayarsa hoton wanda ransa ke so, wani dogon abu kamar taɓarya, mai jawo abin da ke nesa ya zo kusa. Ban ba shi amsa a ranar ba. Wannan rubutu shi ne amsata, gare shi da sauran matasan da suka rungumi wannan sana'a.

Abin da ya sa na ɗauki tambayar da nauyi shi ne wani kundin hotuna da ke ajiye a ɗakina, na auren ɗiyar yayana da aka yi a gidanmu na gado a Tasawa. Mai hoton ya iya aikinsa: fuskoki sun fito tar, lallen amarya kamar ka taɓa. Amma a cikin kundin kaf babu gidan. Bayan kowace fuska sai wani dishi-dishi kamar an zubar da kunu. Zauren da kakanmu ya gina, da dogon yaron da ake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa, da tukwanen da mata suka jera a tsakar gida, duk an narkar da su. Bayan damana biyu ruwa ya kayar da zauren, aka sake shi da siminti. Yau idan jikokinmu suka tambayi kamannin gidan, sai dai mu ba su labari da baki, alhali kuwa kamara ta wuni a cikinsa.

Domin mai karatu ya ga inda gizo ke saƙa, sai mun ɗan leƙa lissafin abin. Kowane ido yana da lamba da ake rubutawa da milimita. Idan lambar ƙarama ce, idon yana kwaso fili mai faɗi. Idan babba ce, sai ya tsinko ɗan yanki ya girmama shi. A kan tsohon ma'aunin fim, mai milimita 24 da 36, ido mai lamba 28 yana ganin kusurwa ta kimanin digiri 75, mai 35 yana ganin 63, mai 50 yana ganin 47, mai 200 kuwa bai wuce 12 ba. Tsawon wannan fim daga kusurwa zuwa kusurwa milimita 43 ne, shi ya sa ake kiran idanun da lambarsu ke kusa da wannan, wato 35 zuwa 50, matsakaita: ba sa miƙe abu, ba sa matse shi, suna barin nisa da girma kusan yadda mutum ya saba ganinsu.

Sai dai abin da mai sayar da kaya ba zai tsaya ya gaya maka ba shi ne, kowace lamba tana da mazauninta. In kana son mutum ya fito daga kai har ƙafa da ido mai 50, taku huɗu ko biyar ne tsakaninku. Yana jin muryarka, kana jin tasa. In kuma mai 200 ne, sai ka ninka wannan tazara sau huɗu, ka koma can bakin ƙofa, mutumin bai ma san da kai ba. Ashe ke nan wanda ya zaɓi ido ya zaɓi wurin tsayawarsa a cikin jama'a. Wannan kuwa magana ce ta ladabi da zaman tare, kafin ta zama ta gilashi.

Tarihin hoto ya ba da shaida. Kamarar Leica ta farko da ta shiga kasuwa a 1925 da ido mai 50 ta zo, kuma da irin wannan ido ne Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson (1908-2004) ya yi mafi yawan aikinsa, daga titunan Faransa har Indiya da Sin. Amma ba sai mun je Turai ba. A Bamako, Malick Sidibé, wanda aka ba Zakin Zinariya na baje kolin Venise a 2007, ya kwashe shekarun 1960 yana bin wuraren rawar samari da ƴar kamararsa da fitilarta. Hasken irin wannan fitila ba ya wuce ƴan taku, saboda haka dole ya shiga tsakiyar fili. Dubi hotonsa na 1963 mai suna «Daren Kirsimeti»: saurayi da yarinya suna rawa, kawunansu sun kusa haɗuwa, ita ba takalmi a ƙafarta, ga ƙasar filin a bayyane. Babu alamar tsoro ko ɗari-ɗari a jikinsu, domin mai hoton ɗan gida ne, sun san shi, sun yarda da shi. A Yamai ma haka Philippe Koudjina (1940-2014), mai shagon Photo Souvenir, ya yi da dararen birnin bayan samun mulkin kai. Abin da ya sa ake daraja waɗannan hotuna a yau har da abin da ke gefe: kujeru, kwalabe, ɗinkin tufafi, bangon ɗaki. Da an narkar da su, da an narkar da zamanin.

Dogon ido kuwa mu ƴan Nijar mun san shi ta wata fuska. Shekara da shekaru baƙi suna zuwa Ingal da wuraren Gerewol, su tsaya can gefe su tsinko fuskar saurayin Bororo da kwalliyarta, ba shanunsa, ba rijiyarsa, ba wahalar ranin da ya fito daga ciki. A lokacin yunwar 2005 haka aka riƙa tsinko fuskokin yaran jihar Maraɗi ana watsawa duniya, sau da yawa ba suna, ba gari. Ban ce duk wanda ya ɗauki irin waɗannan hotuna mugun nufi gare shi ba, wasunsu ma sun jawo taimako. Amma na'urar da ke ba ka damar ɗaukar mutum ba tare da ka yi masa sallama ba tana koya maka ɗabi'ar leƙe. Abin takaici shi ne ganin ƴaƴanmu suna tara kuɗi domin su yi wa danginsu irin kallon da baƙo ke yi mana.

Wani zai ce ai nisan nan shi ne kunya, domin mace mai lulluɓi ba za ta so namiji ya matso ta da kamara ba. Ni a ganina akasin haka ne. Wanda ya matso ana ganinsa, ana iya ce masa a'a, ko a juya masa baya. Wanda ya laɓe a nesa ya ƙwace wa mutum ikon ƙi.

Gaskiya kuma ita ce dogon ido yana da ranarsa. A filin kokawar neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ba wanda zai bar ka ka shiga da'ira. A hawan salla a Damagaram, mai son ransa ba ya tsayawa gaban doki. Raƙuman dawa na Kure ma ba sa amsa sallama. Haka nan ido mai faɗi ƙwarai yana da nasa aibin: babban idon yawancin wayoyin hannu yana daidai da milimita 24 zuwa 26, shi ya sa idan aka kusantar da shi ga fuska sai hanci ya kumbura, kunnuwa su gudu baya. Amma kokawa da hawa sau nawa ne a shekara? Rayuwar yau da kullum a zaure take, da kasuwa, da aji, da tsakar gida.

Saboda haka ga shawarata ga ɗalibina. Kamararsa irin mai ƙaramin farantin ɗaukar haske ce, wadda ake ninka lambar idonta sau ɗaya da rabi kafin a san abin da take gani. Ido mai 35 a kanta yana aiki kamar mai 52, mai 24 kuma kamar mai 36. Ya sayi ɗaya daga cikin biyun nan, mai lamba ɗaya tak wanda ba ya zum, mai ƙofar haske f/1.8. Zum ɗin 18-55 da ake haɗo kamara da shi, idan aka miƙe shi ƙofarsa tana tsukewa zuwa f/5.6, wato hasken da ke shiga ya ragu kusan sau goma idan aka gwada da f/1.8. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a ɗakin amarya bayan magariba ya san darajar wannan bambanci. Irin wannan ido ba shi da nauyi, yana cikin masu araha, kuma wanda ya zauna da ido ɗaya ba ya yawan cirewa da mayarwa, balle ƙurar hunturu ta sami hanyar shiga cikin kamara. Sai dai ya kiyaye: ƙofar nan ta dare ce. Da rana ya tsuke ta zuwa f/8, domin bango da bishiya da tsohuwar da ke tankaɗe a baya su fito tare da amarya.

Na san zai ce: «To Malam, in abu ya yi nisa fa?» Sai in ce masa ya taka ya je. Hausawa sun riga sun ce zumunta a ƙafa take, kuma zuwa da kai ya fi saƙo. In ya isa ya yi sallama, ya gaida mutane, ya jira har su manta da abin da ke rataye a wuyansa, sannan ya ɗaga kamara. Zai rasa wasu hotuna, babu shakka, amma waɗanda zai samu za a iya nuna wa jika a ce masa: ga kakarka, ga kuma gidan da aka ɗaura mata aure.