Muryoyi Biyu, Jigo Ɗaya: Nazarin Faifan Drip Harder Na Lil Baby Da Gunna

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce auna faifan Drip Harder, wanda mawaƙan jihar Jojiya ta kudancin Amurka guda biyu, Lil Baby da Gunna, suka fitar a watan Oktoba na 2018. Tambayar da muka sa gaba ita ce: shin haɗin gwiwarsu ya haifar da abin da kowannensu ba zai iya yi shi kaɗai ba?

2.0 Asalin Salon

Kalmar tiraf, wadda ake kiran wannan nau'in gambara da ita, asalinta sunan gidan da ake sayar da miyagun ƙwayoyi ne a unguwannin talakawan Atlanta. T.I. ya taimaka wajen yayata ta da faifansa Trap Muzik a 2003. Ana gane kiɗan da amon ganga mai nauyi, wanda ya samo asali daga na'urar Roland TR-808.

3.0 Zubi Da Salo

Faifan yana ɗauke da waƙoƙi 13, kuma makaɗi Turbo ne ya tsara mafi yawan kiɗan. Gunna yakan ja murya a hankali, yana bin kari cikin natsuwa. Lil Baby kuwa yakan cusa kalmomi da yawa cikin ɗango guda, kamar mai gudun kada lokaci ya ƙure masa. Wannan bambanci shi ne ƙarfin "Drip Too Hard", wadda ta kai mataki na 4 a jadawalin Billboard. Inda ɗaya ya sassauta, sai ɗayan ya ƙara wuta.

4.0 Jigo

A nan ne muke ganin rauni. Jigon ya tashi daga wahalar unguwa ya koma kirarin tufafi masu tsada da sarƙoƙi da motoci. Kowa yabon kansa yake yi. Ba mai amsa maganar ɗan'uwansa, balle ya ja da ita. Abin lura shi ne, waƙoƙi 4 daga ciki na mutum ɗaya ne, kuma a cikinsu ne aka sami "Close Friends", inda Lil Baby ya yi nadamar abotar da ta zama soyayya sannan ta lalace. A ganinmu, babu waƙar da ta kai ta zurfin tunani a duk faifan, ga shi kuwa babu Gunna a cikinta.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za mu iya cewa mawaƙan sun haɗa kari da amo, amma ba su haɗa zance ba. Saboda haka muna ba manazarta shawarar kada su tsaya ga daɗin muryoyi wajen auna waƙar haɗin gwiwa. Su duba ko baitin na biyu ya ƙara wani abu a kan na farko, ko kuwa maimaici ne kurum.