Kiɗa da Tsimuwar Zuciya: Kunnen Manomin Kajiji

Masana adabin baka sun saba karkasa makaɗan Hausa gida-gida: na fada, na sana'a, na maza, da na jama'a. Wannan rabe-rabe yana sauƙaƙa nazari, amma ya kan sa a ɗauka kowane rukuni da nasa masu saurare. Idan aka dubi ƙauyukan ƙasar Sakkwato, kamar Kajiji ta Ƙaramar Hukumar Shagari, za a tarar ba haka abin yake ba.

Manomin da gangar noma ta hana shi jin gajiya ranar gayya, shi ne kalangun Ɗan Anace ke tsima wa idan ana wasa Shago. Shi ne kuma kan yi tsit in aka saka kotson Narambaɗa ko na Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, alhali bai gaji sarauta ba. Kowane kiɗa da ƙofar da yake buɗewa a zuci: wani jarunta, wani natsuwa, wani begen mutanen da.

A nan ne nazarinmu ya gaza. Makaɗan fada irin su Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar III, sun sami masu rubuta tarihinsu. Waƙoƙin niƙa da daɓe da mata ke rerawa kuwa, injin niƙa da siminti suna kawar da ayyukan da suka haife su. Wajibi ne a naɗe su tun tsofaffin da suka haddace su suna raye.